Sabon reshen layin Northern zuwa Battersea: jirgin da ya riga mazauna isowa

Tun da aka buɗe sabon reshen layin Northern na jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin Landan ranar 20 ga Satumba, 2021, nake hawansa a kai a kai, wani lokaci da sassafe tare da masu sammakon aiki, wani lokaci da yamma tare da masu zuwa shan iska a bakin kogin Thames. Reshen ya tashi daga Kennington, ya tsaya a Nine Elms, ya ƙare a tashar Battersea Power Station. Duka-duka tsawonsa kilomita uku ne da 'yan kai, sababbin tashoshinsa kuma biyu ne kacal, amma shi ne babban ƙari na farko da aka yi wa jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin tun bayan tsawaita layin Jubilee a 1999. Abin da ya sa na ga ya cancanci a zauna a yi masa bita shi ne yadda aka samo kuɗin gina shi, domin hukumomin yankin sun ɗaure aikin jirgin da aikin sababbin gine-ginen da ke kewaye da shi, har ya zama ɗaya ba ya tsayuwa sai da ɗaya. Duk alherin da fasinja yake gani a wannan layi, da duk gibin da yake ji a jikinsa, daga wannan ɗaurin suka samo asali.

Zan fara da abin da ido yake gani. Mai fitowa daga tsakiyar birni yana hawa jirgin da ya bi ta Charing Cross, ya wuce Embankment da Waterloo, ya isa Kennington, daga nan sai jirgin ya karkata ya shiga sabon rami. Wanda ya saba da tsofaffin sassan layin Northern zai ji bambancin tun kafin ya gani, saboda ƙarar ƙarfe da jijjigar da ya saba da su suna raguwa, tafiyar ta zama sumul. Sababbin ramukan sun fi tsofaffin faɗi, har akwai siririyar hanyar ƙafa a gefe wadda za a bi a fitar da mutane idan wani abu ya faru. Injinan haƙa biyu ne suka fafe su a shekarar 2017, aka raɗa musu Helen da Amy don tunawa da Helen Sharman, 'yar Birtaniya ta farko da ta je sararin samaniya, da Amy Johnson, matuƙiyar jirgin sama. Mafi yawan ƙasar da aka tono ba ta bi titi ba, a jiragen ruwa aka yi ta dakonta ta kogin Thames zuwa yankin Essex, lamarin da ya rage wa unguwannin da ke kusa azabar manyan motoci. Daga Battersea zuwa Leicester Square ba ya wuce minti 15, tafiyar da a da sai mutum ya haɗa bas da jirgi kafin ya yi ta.

Tashoshin biyu an yi su da wadatar fili da haske. A Battersea Power Station, mutum yana sauka daga tarago ya tarar da dandamali mai faɗi, rufin sama can nesa da kai, matakala masu tafiya da kansu suna jiransa ba tare da ya bi lunguna ba. A zauren sayen tikiti akwai wani dogon aikin fasaha na Alexandre da Cunha, wanda launukansa suke juyawa a hankali daga jan faɗuwar rana zuwa hasken fitowarta, kuma na sha ganin yara sun ja iyayensu sun tsaya kallo. Abin da ya fi burge ni dai shi ne babu tsani ko ɗaya da ya zama dole tsakanin titi da cikin jirgi. Wata safiya na ga wani dattijo a keken guragu ya fito daga lif a Nine Elms, ya tura kansa har bakin dandamali, jirgi ya tsaya, ya shiga shi kaɗai ba tare da ya ɗaga kai neman mai taimako ba. A yawancin tsofaffin tashoshin birnin, waɗanda aka haƙa fiye da shekara ɗari da suka wuce, wannan ba ya yiwuwa. Tashar Nine Elms ta fi 'yar'uwarta ƙanƙanta da natsuwa, tana kan titin Wandsworth Road, kuma ita ce ta fi kusa da tsofaffin mazauna yankin da babbar kasuwar kayan lambu da furanni ta New Covent Garden, wadda ta koma nan tun 1974.

Da aka fara, jirage shida ne a awa lokacin cunkoso, biyar a sauran lokuta, wanda ya yi kaɗan ga layin da ke tsakiyar birni. A 2022 aka ninka adadin zuwa 12 da 10, kuma tun daga nan jira ya daina zama abin magana. An sanya tashoshin biyu a shiyya ta ɗaya ta tsarin kuɗin jirgi, aka kuma mayar da Kennington ta zama tana cikin shiyya ta ɗaya da ta biyu lokaci guda, domin kada wanda ya taso daga Battersea zuwa tsakiyar gari ya biya kuɗin shiyya biyu kawai saboda jirginsa ya ratsa ta can. Wannan ƙaramin gyara ne a takarda, amma a aljihun mai zirga-zirga kullum yana da nauyi, kuma ya nuna cewa an yi tunanin fasinja. A shekarar farko an yi tafiye-tafiye fiye da miliyan biyar a reshen, alhali a lokacin yawancin gine-ginen da aka yi shi dominsu ba a kammala su ba.

Don a fahimci dalilin da ya sa aka kai jirgi wurin da mutane ba su riga sun cika ba, sai an san yadda yankin yake a da. Tsakanin Vauxhall da Battersea, a gaɓar kogi ta kudu, fili ne na masana'antu da rumbunan ajiya da layukan dogo, ga shi kusa da majalisar dokokin ƙasar amma kamar an manta da shi. A tsakiyarsa tsohuwar tashar wutar lantarki ta Battersea take tsaye da bututun hayaƙinta huɗu. An fara gina ta a 1929, ta daina aiki a 1983, daga nan ta yi kusan shekara 30 tana canza hannu. Wani ya so mayar da ita wurin wasanni, ya kware rufin, kuɗi suka ƙare masa, ginin ya zauna ruwa yana dukansa. Waɗanda suka biyo baya su ma ba su kai labari ba. A 2012 wasu kamfanonin Malesiya, S P Setia da Sime Darby tare da asusun fanshon ma'aikatan ƙasar, suka saye wurin a kan fam miliyan 400. Abin da ya riƙa kayar da masu yunƙurin baya yana da yawa, amma rashin hanyar shiga yana cikin manyansa, domin babu mai zuba dukiya ya gina dubban gidaje da ofisoshi a wurin da bas kaɗai ke zuwa.

A nan ne aikin hukumomin yanki ya shigo. Ƙananan hukumomi biyu ne suke da ikon ba da izinin gini a wannan fili, Wandsworth da Lambeth, a samansu kuma akwai ofishin magajin garin Landan, wanda hukumar sufuri ta birnin, TfL, take ƙarƙashinsa. A 2012 suka amince da tsarin bai ɗaya na yankin Vauxhall da Nine Elms da Battersea, wanda daga bisani aka riƙa ambatonsa da gidaje kimanin 20,000 da guraben aiki 25,000. Hikimar tsarin ita ce an lissafa yawan ginin da fili zai ɗauka gwargwadon yawan mutanen da hanyoyin sufuri za su iya kwashewa. Idan babu jirgi, adadin gidajen da za a yarda a gina zai ragu ƙwarai, darajar filayen ma ta ragu. Idan akwai jirgi, a bar benaye su yi sama, masu filaye su ci riba. Da aka shimfiɗa lissafin haka, sai tambayar ta zama mai sauƙi: tun da jirgin ne zai ɗaga darajar filin, me zai hana a biya kuɗin jirgin daga wannan ƙarin daraja?

Amsar da aka bayar tana da rassa biyu, kuma ya kamata mai karatu ya bi su a hankali, domin nan ne zuciyar al'amarin. Reshe na farko shi ne gudummawar masu gine-gine. A Ingila, sashe na 106 na dokar tsara birane da karkara ta 1990 ya ba ƙaramar hukuma damar ƙulla yarjejeniya da mai neman izinin gini, cewa zai biya ko ya samar da abin da gininsa zai jawo buƙatarsa, ko makaranta, ko hanya, ko gidaje masu rangwame. Bayan haka dokar 2008 ta kawo wani haraji da ake kira CIL, wanda ya fara aiki a 2010, ana yanka shi a kan kowace murabba'in mita ta sabon gini domin ababen more rayuwa. Ta waɗannan hanyoyi biyu aka tsara tara wa jirgin kimanin fam miliyan 270, kaso mafi tsoka daga masu aikin tsohuwar tashar lantarkin. Reshe na biyu, wanda ya fi girma, shi ne harajin wuraren kasuwanci. An ware yankin a matsayin shiyyar kasuwanci ta musamman na tsawon shekara 25 daga 2016, aka ce duk ƙarin harajin da sababbin ofisoshi da kantuna za su haifar a cikinta ba zai tafi babbar baitulmali ba, za a riƙe shi a biya bashin jirgi. Sai dai jirgi ba ya jiran haraji ya taru, kuma Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Saboda haka hukumar birnin Landan ta ciyo bashin da ya kai fam biliyan ɗaya tun farko, gwamnatin tsakiya ta tsaya mata a matsayin mai lamuni kamar yadda ministan kuɗi George Osborne ya sanar a ƙarshen 2012, Bankin Zuba Jari na Turai kuma ya ba da fam miliyan 480 daga ciki. An sami izinin aikin a Nuwamba 2014 bayan zaman sauraron jama'a, aka fara gini a 2015, aka kammala a kan kimanin fam biliyan 1.1.

A ganina wannan tsari ya yi abin da ake nema a wurinsa, kuma babbar shaidarsa ita ce jerin kwanakin. Jirgi ya fara aiki a Satumba 2021, tsohuwar tashar lantarkin kuwa ba ta buɗe ƙofofinta ga jama'a a matsayin kantuna da gidajen abinci ba sai 14 ga Oktoba, 2022, kamfanin Apple kuma ya tare a ofisoshinsa na ciki a 2023. Wato mutumin da ya karɓi mabuɗin gidansa ko ya fara aiki a can bayan Satumba 2021 ya tarar da jirgi yana jiransa, bai fara sayen mota ba balle ya saba da ita. Duk wanda ya san yadda ɗabi'ar zirga-zirga take kafuwa a watannin farko na tarewa ya san darajar wannan, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Birnin Landan kansa yana da misalin akasin haka a Thamesmead, unguwar da aka fara ginawa a ƙarshen shekarun 1960 da burin ɗaukar dubban iyalai, amma har yau babu tashar jirgi a cikinta, mazauna sai sun hau bas zuwa Abbey Wood. Akwai kuma darasin layin Jubilee, inda kamfanin Olympia & York mai gina unguwar ofisoshi ta Canary Wharf ya yi alkawarin ba da fam miliyan 400 don tsawaita layin, sai ya durƙushe a 1992, aikin ya yi jinkiri, kuma nauyin mafi yawan kuɗin ya koma kan gwamnati. Masu tsara reshen Battersea sun kauce wa wannan rami da suka ƙi jingina komai ga aljihun kamfani ɗaya, suka shimfiɗa biyan a kan shekaru masu yawa da masu biya masu yawa. Duk da haka haɗarin bai gushe ba, ya dai koma wani wuri ne. Idan ofisoshi ba su cika ba, ko darajar haya ta faɗi, harajin da aka yi hasashe zai gaza, bashin kuwa yana wuyan hukuma. Dogaron juna ya taɓa jadawalin aikin ma, domin a 2020 aka so buɗewa, amma sauye-sauyen da aka yi wa zanen gine-ginen da za su hau kan tashar Battersea suka tilasta sake zanen tashar, aka ɗaga zuwa 2021.

Yanzu sai inda zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ba zan iya yabon wannan hidima in tsallake shi ba. Kuɗin da ƙaramar hukuma za ta iya tatsa daga mai gini tulu ɗaya ne, abin da aka ɗiba aka zuba wa jirgi an rage shi ne daga wani wuri. A wannan yanki, wurin da aka rage shi ne gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Wandsworth ta sassauta ƙa'idarta a Nine Elms zuwa kashi 15 cikin ɗari na gidaje masu rangwame, ƙasa da abin da take nema a sauran sassanta, domin a bar wa masu gini sararin biyan kuɗin jirgi da sauran ayyuka. Ko wannan kashi 15 ɗin ma bai tsira ba a aikin tashar lantarkin. A 2017 masu aikin suka koma wa hukumar da hujjar cewa gyaran tsohon ginin ya ci kuɗi fiye da yadda aka zata, ciki har da rushe bututun hayaƙin huɗu da sake gina su, hukumar kuma ta amince a rage gidaje masu rangwame daga 636 zuwa 386, wato kimanin kashi tara cikin ɗari. Magajin gari Sadiq Khan ya fito fili ya soki matakin. Dokar ta ba da wannan ƙofa, domin tana barin mai gini ya kawo lissafin da ke nuna cewa aikin ba zai fitar da riba ba idan aka riƙe shi a kan alkawarin farko, kuma a irin wannan zama ƙaramar hukuma takan sami kanta a matse. Ta riga ta ci bashin amana a kan cewa ginin zai tashi, harajin da za a biya jirgi da shi yana jiran ginin, saboda haka ba ta da ƙarfin cewa a'a kamar wadda ba ta da komai a ciki. Wannan shi ne raunin da nake gani a duk tsarin da ya jingina hanyar jama'a ga ribar mai gini: hukumar da ya kamata ta zama alƙali ta zama abokiyar ciniki.

Gidaje 250 ba lamba ce kawai ba a birnin da dubban iyalai suke zaune a masaukin wucin gadi suna jiran layi. Ina yawan tuna wannan idan na fito daga tashar Battersea na juya kudu maimakon arewa. Arewa ita ce hanyar kogi, da benayen gilashi da kantuna masu tsada. Kudu kuwa, da ka tsallaka titin Battersea Park Road ka ɗan taka, sai ka shiga tsofaffin rukunonin gidajen hukuma irin su Patmore da Savona, masu jan bulo da barandar da aka shanya tufafi. Adalci ne a faɗa cewa mutanen nan sun amfana, domin jirgin ya zo bakin ƙofarsu, kuma da asuba nakan ga mata da maza cikin kayan aikin asibiti da na gadi da na shara suna gangarowa daga wannan ɓangare suna shiga tarago ɗaya da masu kwat. Jirgi ba ya tambayar fasinja daga wane gefen titi ya fito. Amma 'ya'yansu da suka girma a nan, idan lokacin kama nasu ɗakin ya yi, da wuya su sami wurin zama a cikin dubban gidajen da aka gina a gabansu.

Gibi na biyu yana kan taswira, kuma kowane fasinja zai iya ganinsa. Reshen ya ƙare daidai inda kuɗin masu gini suka ƙare. Clapham Junction, ɗaya daga cikin mahaɗar jiragen ƙasa mafi cunkoso a Birtaniya, tana 'yan kilomita kaɗan gaba, kuma ba ta da jirgin ƙarƙashin ƙasa. An tsara ƙarshen ramukan ta yadda za a iya ci gaba da haƙa zuwa can wata rana, amma ba a yi ba, saboda babu kuɗinsa a lissafin, kuma ana fargabar cewa jama'ar Clapham Junction za su cika jiragen tun kafin su iso Battersea. Haka nan layin ya bi kusa da Vauxhall bai tsaya ba, don kada ya ƙara wa layin Victoria nauyin da ya riga ya yi masa yawa. Hujjojin biyu suna da ma'ana a wurin injiniya, sai dai sakamakonsu shi ne layi mai fuska ɗaya, wanda ya ƙware wajen kai mazauna sababbin benaye tsakiyar gari da dawo da su, amma bai ɗinke kudancin birnin da kansa ba. Mai son canzawa zuwa jiragen ƙasa na tashar Battersea Park ko Queenstown Road sai ya fito ya taka a titi na wasu mintuna. Da a ce an fara da tambayar inda mutanen kudancin Landan suka fi buƙatar jirgi, da wataƙila wani zane aka yi, domin unguwannin da ke kan titin Old Kent Road sun daɗe suna jiran a tsawaita musu layin Bakerloo, kuma har yanzu maganar kuɗi ce ta riƙe shi. Wurin da filaye ba su da tsadar bakin kogi ba zai iya tara abin da Nine Elms ta tara ba, ko da buƙatarsa ta fi.

Sauran abubuwan lura ƙanana ne, amma mai shirin hawa ya kamata ya sani. Duk jiragen da ke tashi daga Battersea ta Charing Cross suke bi, don haka mai zuwa Bank ko London Bridge sai ya sauka a Kennington ya canza. An haƙa ƙarin hanyoyin tsallakawa huɗu tsakanin dandamalan Kennington saboda wannan, kuma canjin yana da sauƙi, taku kaɗan ne. Taragun su ne dai na layin Northern da aka saba da su tun ƙarshen shekarun 1990, ba su da na'urar sanyaya iska, saboda haka sabuwar tasha ba ta hana zafin bazara a cikin jirgi. Jiragen da ke kwana suna aiki a daren Juma'a da Asabar ba sa shiga wannan reshe, abin da ya shafi ma'aikatan gidajen abinci da ke tashi a makare. Mazauna Kennington kuma su ne suka sha ƙurar shekarun gini, aka kafa musu rijiyoyin shigar da iska cikin ramukan jirgin a Kennington Park da Kennington Green, ba tare da sun sami sabuwar tasha ba.

Ga mai ziyara da yake son ganin tsohuwar tashar lantarkin, ko mai zuwa ofishin jakadancin Amurka da ya koma Nine Elms a Janairu 2018, ko mai keken guragu ko mai turin jariri, wannan reshe shi ne hanya mafi sauƙi, kuma ina ba da shawararsa ba tare da wata-wata ba. Yana da tsabta, jiragensa suna zuwa a kan kari, alamominsa a bayyane suke, ma'aikatan da na ci karo da su kuma masu sakin fuska ne. Ga kansila ko jami'in tsara gari da yake tunanin kwaikwayon wannan salo kuwa, shawarata ita ce ya hau jirgin har ƙarshe, ya fito ya zaga ɓangarorin titin biyu da ƙafa, sannan ya nemi takardun zaman majalisar Wandsworth na 2017 ya karanta yadda 636 ta koma 386, domin ya san tun kafin ya sa hannu a kan bashi wane adadi na gidaje masu rangwame zai rubuta a yarjejeniya ta yadda ba za a iya dawowa a rage shi ba.